Ɗaki ɗaya, aljihu biyu: yadda za ka ga lissafin kuɗinka a jirgin ruwan shaƙatawa

A jirgin ruwan shaƙatawa ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ranar da ka shiga za a ba ka kati guda: shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka a ƙofar fita da shiga, shi ne kuma abin da za ka miƙa idan ka sayi lemo, ko ka ba da wanki, ko ka yi rajistar zagaya gari a wata tasha. Kowane kamfanin jiragen da sunan da yake ba shi: Royal Caribbean na kiransa SeaPass, Carnival na ce masa Sail & Sign, Disney kuma Key to the World. Princess ta musanya shi da wani ɗan kewayayyen abu mai suna Medallion, wanda ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu. Duk abin da ka saya ana shigar da shi asusunka na cikin jirgi, kamar littafin bashin mai shagon unguwa, sai ƙarshen tafiya a tara a cire daga katin bankin da ka bayar.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kusan kowa da abokin ɗaki yake tafiya. Farashin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗakin, kuma wanda ya ce shi kaɗai zai kwana yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Shi ya sa ake haɗuwa: miji da mata, wa da ƙani, aminai, abokan kasuwanci, wani lokaci ma mutanen da ejan ya haɗa a rukuni, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba sai a tashar jirgin. Daga nan tambayoyi biyu kan taso. Ta ina zan ga abin da na kashe? Kuma wane ne, ban da ni, zai iya ganinsa?

Amsar a dunƙule ita ce, a yawancin jirage kowane fasinja yana da nasa asusun da tasa lambar ko da ɗaki ɗaya ake kwana, amma wanda katin bankinsa ke biyan asusu yana da ikon ganin duk abin da ke cikinsa. Bayan wannan sai talabijin ɗin ɗaki, wanda ba ya riƙe sirrin kowa. Idan ka riƙe waɗannan biyun, sauran duk bin mataki ne.

Mataki na farko: ku yi maganar tun kuna gida

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma dalilin bai wuce alkunya ba. Mutum zai iya tsayawa ya yi ciniki da ejan a kan dala ashirin, amma ya kasa buɗe baki ya ce wa yayansa, "Yaya, kowa ya sa katinsa." Sai a yi shiru, wanda ya yi rajistar tafiyar ya sa katinsa a kan kowa don a gama da wuri, a ce idan an dawo a yi lissafi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kwana bakwai a ɗakin da da ƙyar mutum biyu ke gittawa, ga kuɗi na fita daga aljihun mutum ɗaya, ba sai an faɗa maka abin da zai biyo baya ba.

Tsari uku ne a gabanku. Ko dai kowa ya jingina asusunsa a kan katinsa, ko mutum ɗaya ya ɗauki nauyin duka, ko kuma ɗaya ya sa kati ɗayan ya ajiye tsabar kuɗi. Ga ma'aurata da aljihunsu ɗaya, ko uba da 'ya'yansa, tsari na biyu ya fi sauƙi. Ga duk wanda ba haka ba, ni dai ina ganin na farko ne mafita, ko da kuwa aminin da kuka tashi tare ne. Ba don rashin yarda ba. Asusun jirgi ba lemo da shayi kaɗai yake nunawa ba: idan ka je asibitin jirgi, kuɗin ganin likita da magani a nan suke fitowa. Haka wurin gyaran jiki, haka shagon turare da agogo, haka kuɗin da aka zara a ɗakin caca. Kowanne da kwanan wata da sunan wurin, sau da yawa har da lokacin. Macen da ta je ganin likita ba lalle ta so abokiyar tafiyarta ta sani ba, kuma maigidan da ya sayi sarƙa yana jiran daren ƙarshe ya miƙa, ba zai so uwargida ta riga shi gani a waya ba.

Maganar ba ta buƙatar dogon sharhi. "Hajiya, wajen rajista za a nemi kati. Kowa ta sa nata, ko kuwa?" Shi ke nan. Tun ran gini tun ran zane.

Ku kuma tattauna batun ƙunshin abin sha, wato biyan kuɗin abin sha na tafiyar a dunƙule, tun yanzu. A Royal Caribbean da Carnival, idan baligi ɗaya a ɗaki ya sayi ƙunshin da ya haɗa da barasa, ƙa'ida ita ce sauran manyan da ke ɗakin su ma sai sun saya, don kada kati ɗaya ya shayar da mutum biyu. Idan rukuni ya haɗa ka da wanda ke sha, kai kuma ba ka sha, a warware wannan kafin ranar tafiya.

Mataki na biyu: rajistar intanet

Makonni kaɗan kafin tashi, kamfani yakan buɗe rajistar shiga ta shafinsa ko ta manhajarsa. A nan ake shigar da bayanan fasfo, a ɗora hoto, a zaɓi lokacin isowa tasha. Can wajen ƙarshe akwai shafin da ke tambayar yadda za a biya kuɗin cikin jirgi, kuma a nan ne komai yake ƙulluwa. Bayan ka shigar da lambar katinka, za ka ga sunayen duk waɗanda ke cikin rajistar tafiyar, kowanne da ɗan akwati a gefensa, ana tambaya su wa wannan katin zai ɗauki nauyinsu. Ka tsaya ka karanta. Idan ka ga an riga an yi wa sunan abokin ɗakinka alama, kuma ba haka kuka shirya ba, ka cire.

Abu biyu kuma da ake mantawa. Na ɗaya, kowa ya buɗe nasa shafin a wurin kamfanin da nasa imel da tasa kalmar sirri, sannan ya haɗa lambar rajistar tafiyar da shi. Lambar rajista ɗaya ce ga ɗakin gaba ɗaya, amma ba ta hana kowa mallakar nasa shafin. Na biyu, a duba adireshin imel da ke gaban sunan kowane fasinja. Idan ejan ne ya yi muku rajista, ba mamaki nasa ya sa, ko kuma ya sa na mutum ɗaya a kan kowa. Kamfanoni da dama yanzu ta imel suke aika takardar lissafin ƙarshe, kuma adireshin da ke cikin bayananka za ta bi. Wanda bai gyara wannan ba yana iya sauka ya tarar takardarsa ta tafi akwatin wani.

Mataki na uku: wane kati za ka jingina

Jirgi ba ya jira sai ranar ƙarshe kafin ya tabbatar kana da kuɗi. Tun ranar farko yakan nemi bankinka ya riƙe wani adadi, wasu dala 100, wasu 200, wasu kuma gwargwadon kwanakin tafiyar, sannan duk lokacin da abin da ka kashe ya zarce wancan sai a sake neman a riƙe ƙari. A katin kiredit, wato na bashin banki, wannan ba ya ciwo sosai. A katin cirar kuɗi kuwa, kuɗinka ne na zahiri ke maƙalewa, kuma bayan an cire na ƙarshe, abin da aka riƙe yana iya ɗaukar kwanaki, har ya kai wata guda, kafin banki ya sake shi. Idan kati ɗaya ne ke ɗauke da mutum biyu, nauyin riƙon a kan mai katin kaɗai yake sauka.

Ga mai tafiya daga Najeriya akwai ƙarin lura. A shekarar 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, daga bisani da yawansu suka dakatar da shi gaba ɗaya. Wasu sun dawo da shi a 2025, amma da iyaka. Kati mai iyaka bai dace da tsarin riƙe-riƙen jirgi ba, don riƙon kansa yana iya cinye iyakar, ka wayi gari katin ɗakinka ya daina sayen ko ruwan gora. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Masu katin sefa daga Nijar ko Kamaru ko Chadi suna da sauƙi guda idan jirgin da yuro yake lissafi, domin canjin a tsaye yake: yuro ɗaya sefa 655.957. Sai dai a tambayi banki iyakar abin da katin ke iya kashewa a waje, a kuma sanar da shi ranakun tafiya don kada ya toshe katin bisa zargin sata.

Ka san kuɗin da jirginka ke lissafi da shi. Royal Caribbean da Norwegian da Cunard da dala suke yi. P&O ta Ingila da fam. MSC kuwa ya danganta da yankin: yuro a Bahar Rum da Arewacin Turai, dala a Karebiyan da Afirka ta Kudu. Idan aka yi maka tayin jirgin ya juya maka lissafin zuwa kuɗin ƙasar katinka, ka ce a'a, a bar shi a kuɗin jirgi. Wannan juyin yana zuwa da nasa caji.

Wanda ba shi da katin da ya dace zai iya buɗe asusun tsabar kuɗi: ya ajiye wani adadi a teburin kula da baƙi, ana zara daga ciki, idan ya kusa ƙarewa a sanar da shi ya ƙara. Wannan shi ne asusun da ya fi kowanne tsayuwa da ƙafarsa, tunda babu katin kowa a bayansa.

Mataki na huɗu: ranar shiga

Da katin jirgi ya zo hannunka, ka juya shi ka duba. Za ka ga sunanka, sunan jirgin, ranar tashi, wurin taruwa idan an samu gaggawa, da ɗakin cin abincin da aka ba ka. A wasu jirage akwai wata gajeriyar lamba da aka rubuta folio a gefenta. Wannan ita ce lambar asusunka. Ka ɗora katinka kusa da na abokin ɗakinka. Lambobin asusun su sha bamban. Amma bambancin lamba ba ya nufin ba a jingina su a kan katin banki ɗaya ba, saboda haka kada ka tsaya a nan.

A jiragen MSC akwai na'urori a wurare daban-daban inda ake haɗa katin jirgi da katin banki bayan an shiga. Na'urar takan tambaya su wa za a haɗa. Mutum na sauri, ga layi a bayansa, sai ya yi ta danna "ci gaba" har ya ɗauki nauyin ɗakin duka bai sani ba. Ka karanta kowane shafi.

Sannan ka je teburin kula da baƙi. Yana tsakiyar jirgi, galibi a ɗaya daga cikin benayen ƙasa, an rubuta Guest Services ko Reception a samansa, kuma a manyan jirage ba ya rufewa dare da rana. Ranar farko layin yana da tsawo, don haka ka bari sai bayan abincin dare ko washegari da sassafe. Ka miƙa katinka ka yi tambaya uku: wane katin banki ne ke kan asusuna, a karanta min lambobinsa huɗu na ƙarshe, akwai wani da ke kan katina ban da ni, akwai wanda ke iya ganin asusuna ta manhaja ko ta talabijin? Minti biyu ne. Idan akwai gyara, a nan take ake yi, kuma idan gyaran ya shafi ku biyu, gara ku je tare, domin ma'aikacin ba zai taɓa asusun baligi bisa maganar wani ba.

Mataki na biyar: ƙofofi huɗu na ganin lissafi

Ƙofa ta farko, kuma wadda ta fi, ita ce manhajar kamfanin: Carnival HUB, MSC for Me, Navigator ta Holland America, da makamantansu. Ka sauke ta tun kana gida. A cikin jirgi sai ka sa wayarka a yanayin jirgin sama, ka kunna Wi-Fi, ka shiga na jirgin. Manhajar tana aiki ko ba ka sayi ƙunshin intanet ba. Kada ka bar layin wayarka a buɗe, domin a tsakiyar teku yana kama hanyar sadarwar tauraron ɗan'adam mai tsadar gaske, kuma wannan kuɗin ba a takardar jirgi zai fito ba, a wurin kamfanin layinka ne. A cikin manhajar za ka ga sashen asusu. Idan kai kaɗai ne a kan katinka, naka kaɗai za ka gani. Idan kai ke biya wa wasu, yawanci za ka ga sunayensu, kowa da abin da ya kashe.

Ga wata 'yar kafa da ya kamata a sani. A jiragen Carnival ana iya shiga manhajar da lambar asusu da ranar haihuwa. Lambar tana rubuce a kan katin da ka ajiye a kan teburin ɗaki ka shiga wanka, ranar haihuwarka kuwa ɗan'uwanka ya fi ka saninta. Idan sirrin asusunka ya dame ka, katinka ya zauna a jikinka.

Ƙofa ta biyu talabijin ɗin ɗaki. A jirage da yawa akwai sashen asusu a cikin jerin abubuwan da rimot ke buɗewa. Talabijin na ɗaki ne, ba na mutum ba, saboda haka sau da yawa yana jero sunayen duk masu kwana a ɗakin, duk wanda ya riƙe rimot ya danna sunan da ya ga dama. Ka gwada da kanka tun daren farko, a gaban abokin ɗakinka ma ya fi, ku ga abin da yake nunawa. Idan ya buɗe asusun kowa ba tare da ya nemi lambar sirri ba, ka tambayi teburin kula da baƙi ko za a iya sa masa lamba ko a rufe sashen. Inda tsarin jirgin bai ba da dama ba, aƙalla kun san matsayinku tun farko, kowa ya san takunsa.

Ƙofa ta uku na'urorin taimaki-kanka da ke kusa da teburin kula da baƙi a wasu jirage, kamar na Carnival. Ka sa katinka, ta nuna lissafi, ka buga shi a takarda, har ma ka iya ƙara tsabar kuɗi. Ka ɗauki takardarka, ka tabbatar ka fita daga shafin kafin ka juya baya.

Ta huɗu teburin kansa. Kana iya neman a buga maka lissafi kowace rana, kyauta. Naka za a ba ka, da na waɗanda kake biya wa. Idan ka nemi na abokin ɗakin da ke kan katinsa, za a ce ya zo da kansa, kuma haka ya kamata.

Mataki na shida: karanta abin da aka rubuta

Kowane layi a takardar yana da kwanan wata, da sunan wurin da aka yi sayayyar, da lambar rasit, da adadi. Sunayen wuraren ne ke rikita mutum, domin takardar ba za ta ce "lemon da ka sha a bakin wurin iyo" ba, sunan kantin kawai za ta rubuta. Shi ya sa ajiye rasit ke da amfani. Ka samu ambulan guda a aljihun akwati, kowane dare ka zuba na ranar.

Abubuwa biyu za su kumbura lissafin ba tare da ka saye su da hannunka ba. Na farko tukwicin ma'aikata, wanda ake ɗorawa kai tsaye a kan kowane fasinja kowace rana. A manyan kamfanonin Amurka yana kamawa daga kusan dala 16 zuwa 20 ga ɗaki na gama-gari. A ce dala 18 ne, tafiyar kuma dare bakwai: dala 126 ke nan a kan mutum ɗaya, 252 a kan ku biyu. Idan asusun a rabe yake, kowa ya ga nasa layin sau ɗaya a rana. Idan ka ga biyu a naka, an ɗora maka na abokin ɗakinka. Idan kuma kun riga kun biya tukwicin tun wajen sayen tikiti, bai kamata ya sake fitowa ba.

Na biyu kuɗin hidima da ake ƙarawa a kan abin sha da gyaran jiki, tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Lemon da aka rubuta dala 8, da kashi 18 a kai, zai fito dala 9.44. Ba kuskure ba ne. Amma ka lura da rasit ɗin da ake kawo maka ka sa hannu: a ƙarƙashin jimla akwai wani layi babu komai a kai, na ƙarin tukwici. An riga an caje ka na hidima a sama. In kana so ka ƙara, ka ƙara. In ba ka so, ka ja layi a wurin ka rubuta jimlar da hannunka.

Mataki na bakwai: abin da ɗaki ya ci, ba mutum ba

Nan ne aka fi samun saɓani, ko da an raba asusu tsaf. Akwai kashe-kashen da ba a miƙa kati a lokacin yin su: ruwa da lemon da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki, kiran waya daga wayar ɗaki, fim ɗin biya a talabijin, abincin da aka kira aka kawo, jakar wanki. Ma'aikacin ɗaki ya zo gyara ya ga babu gwangwani biyu a firji, bai san wa ya sha ba. Lambar ɗaki ya sani. Sau da yawa sai a ɗora a kan wanda sunansa ke farko a rajistar. Idan kai ne wannan, ka sa ido.

Maganin firji mai sauƙi ne: ranar farko ku ce wa ma'aikacin ya kwashe kayan ko ya kulle shi. Takardar wanki kuwa tana da wurin rubuta suna, kowa ya cika tasa, ya yi jakarsa daban. Idan ka kira a kawo abinci, ka faɗi sunanka, ka ce a kan asusunka za a sa.

Akwai kuma kyautar kuɗin kashewa da kamfani ko ejan ke bayarwa don jan hankalin masu saye. Galibi na ɗaki ne. A ce dala 100: wani lokaci a raba wa mutum biyun farko hamsin-hamsin, wani lokaci ta zauna gaba ɗaya a asusun mutum ɗaya. A takarda tana fitowa da alamar ragi a gabanta. Ku duba inda ta faɗa tun ranar farko. Idan ta tafi wuri ɗaya alhali kuɗin ɗakin tare kuka biya, ku je tare ku nemi a raba, ko ku shirya tsakaninku. Ka kuma tambaya ko irin wadda ake mayar wa mutum ragowarta ce, don wata idan ba a kashe ta a jirgi ba ta tafi ke nan.

Idan akwai yara a ɗakin, ana iya rufe wa katinsu ikon saye ko a sa masa iyaka. A yi hakan kafin su gano ɗakin wasannin kwamfuta.

Mataki na takwas: gyara tun jirgi na tafiya

Ka riƙa leƙa asusunka kowane dare, ko aƙalla bayan kwana bibbiyu. Idan ka ga abin da ba naka ba, fara da tambayar abokin ɗakinka cikin raha, don sau da yawa amsar tana nan: katunan kamanninsu ɗaya, an ajiye su wuri guda, ya ɗauki naka ya fita. Idan nasa ne, ku je tare a mayar da layin asusunsa. Idan ba na kowa ba ne a cikinku, ka nemi a ciro ainihin rasit ɗin a duba sa hannun. Mai kantin yana iya shigar da lambar ɗaki ba daidai ba.

Asusun da aka haɗa ana iya raba shi a tsakiyar tafiya. Wanda zai fita ya zo da katin bankinsa ko tsabar kuɗi. Ka fayyace ko abin da aka riga aka kashe zai bi shi zuwa sabon katin, ko kuwa daga yau ne rabuwar za ta fara, sannan ka nemi a buga muku takarda kowa da tasa ku gani da ido. Abin da banki ya riga ya riƙe a tsohon katin ba zai saku nan take ba.

Idan katin ɗakinka ya ɓata, ka je a soke shi a ba ka sabo a lokacin, sannan ka duba asusun.

Mataki na tara: daren ƙarshe da safiyar sauka

Kada ka bar ƙorafi sai daren ƙarshe. A wannan daren layin teburin kula da baƙi yakan miƙe har ya zagaye falon, kowa da takarda a hannu da ɓacin rai a fuska. Ka yi babban bincikenka saura kwana biyu, da rana lokacin da jama'a suka fita gari.

Takardar ƙarshe tana zuwa ta ɗayan hanyoyi biyu. Wasu jirage har yanzu suna bugawa cikin dare su saƙala ta a maƙalin wasiƙu da ke bakin ƙofa ko su turo ta ƙarƙashinta. Wanda ya fara tashi shi zai ɗauka, kuma ba kullum take cikin ambulan ba. Idan ba ka son haka, ka nemi kada a kawo taka ɗaki, za ka karɓa da kanka ko ta imel. Wasu kuma sun daina bugawa sai an nema.

Mai katin banki, idan lissafi ya yi daidai, ba sai ya je ko'ina ba, za a cire kuɗin kai tsaye. Mai asusun tsabar kuɗi dole ya je ya cike giɓi ko ya karɓi ragowarsa kafin sauka. Wanda ake bi bashi, idan ya sa katinsa a na'urar ƙofar fita za a tsayar da shi a mayar da shi tebur, ga jama'a a bayansa da akwatuna.

Kafin ka taka tudu, ka buɗe manhajar ka ɗauki hoton kowane shafi na asusunka, daga layin farko har jimla. A manhajoji da dama sashen asusu da Wi-Fi na jirgin yake aiki, da ka sauka ya ɓace. Idan kai ne ka biya wa abokin ɗakinka, ka ɗauki nasa daban, ka tura masa a take, ku amince da adadin da canjin da za a yi amfani da shi tun kuna tare. Idan an bari sai an dawo gida, dala ta motsa, wata sabuwar magana ce.

Bayan an sauka

Ka gwada abin da banki ya cire da jimlar takardarka. Idan ka ga alat fiye da ɗaya, kada hankalinka ya tashi tukuna: ka duba ko wasu na riƙo ne da ba su saku ba, sannan ka tuna ko ka sayi wani abu da safiyar sauka bayan an buga takarda, kamar kofi ko ruwa, don wannan yakan zo a matsayin ɗan caji na daban. Abin da aka ɗauka a firji a daren ƙarshe shi ma haka.

Idan takardar ba ta iso imel ɗinka ba bayan 'yan kwanaki, ka duba akwatin saƙonnin shara, sannan ka rubuta wa sashen kula da baƙi na kamfanin. Ka ba su cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunan jirgin, ranar tashi, lambar ɗaki, lambar rajistar tafiya, da lambar asusunka idan kana da ita. Don haka kada ka jefar da katin jirgin. Taka za su aiko maka. Abokin ɗakinka, idan da katinsa ya biya, shi zai nemi tasa daga nasa imel ɗin.